Zaren bakin ƙugiya yana ta tsinke mini a Dadin Kowa, laifin zaren ne ko nawa?

Dan_Yamaltu:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar masu fatsa. Bara yayana da ke aiki a Afirka ta Kudu ya kawo mini tsarabar sandar fatsar ƙuda, irin wadda ba a sa mata tana, sai ƙugiya da aka naɗe da gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, ita ake ce wa ƙuda. Ya haɗo mini da kwarkwaro uku na siririn zaren nan da ake ƙullawa can ƙarshe, wanda ƙugiyar ke rataye a jikinsa. Su tifet suke ce masa. An rubuta 3X a ɗaya, 4X a ɗaya, 5X a na ukun. Ranar Asabar na je ƙasan dam ɗin Dadin Kowa da sassafe, sau huɗu kifi yana ɗauka, sau huɗu zare yana tsinkewa. Ƙuda huɗu sun tafi ke nan, saura shida, kuma ba a sayar da su a Gombe. Da 5X nake amfani saboda na ɗauka shi ne mafi ƙarfi tunda lambarsa ta fi girma. Me nake yi ba daidai ba?

Injiniya_Tumfure:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, a juye ka karanta lambar. A wannan lissafin, idan lamba ta hau, zare sirancewa yake yi. Ka cire lambar daga 11, abin da ya rage shi ne kaurin zaren, idan aka kasa inci gida dubu. 5X kashi 6 ne, wato wajen milimita 0.15. 3X kashi 8 ne, wajen milimita 0.20. 0X kashi 11, wajen 0.28. Wato cikin ukun da aka ba ka, mafi rauni ka ɗauka ka je ka tari kifin kogin Gongola da shi.

Dan_Yamaltu:
Innalillahi. Wata takwas ina wannan aika-aikar.

Mai_Shayin_Bolari:
Ni dai ban taɓa jin lissafin da biyar ta fi uku ƙanƙanta ba sai yau. Turawa da neman wahala.

Malam_Na_Gubi:
@Mai_Shayin_Bolari akwai dalili. Kafin a ƙirƙiro nailan, da wani abu da ake cirowa daga cikin tsutsar siliki ake yin wannan zaren. Sai a riƙa jan sa ta cikin ƙananan huji na ƙarfe ana rage masa kauri. X ɗin alamar sau nawa aka ja shi ne, duk ja ɗaya yana ƙara sirancewa. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da nailan a shekarun 1930, tsutsa ta huta, amma lambar ta zauna har yau. Haka ma lambar ƙugiya take, ƙugiya mai lamba 14 ta fi mai lamba 6 ƙanƙanta. Wannan ko masu sayar da kayan su a kasuwa sun san da shi.

Baba_Sarkin_Fatsa:
Yaro, kafin a yi nisa da lissafi, in tambaye ka abu ɗaya. Da zaren ya tsinke ka jawo shi, ka duba bakinsa? Ya nannaɗe ne kamar gashin da aka tsefe daga kitso, ko ya yanke ƙat kamar an sa reza, ko kuwa jikinsa ya yi kaushi idan ka shafa?

Dan_Yamaltu:
Baba, uku daga ciki bakin ya murɗe, kamar 'yar wutsiya. Na huɗun ne ya yanke sumul.

Baba_Sarkin_Fatsa:
To ukun nan ba tsinkewa suka yi ba, ƙullinka ne ya kwance. Murɗewar da ka gani sawun ƙullin ne da ya zame ya fita daga idon ƙugiya. Na huɗun kuma haƙori ne, ina zaton kifin tsage ne. Shekara arba'in da wani abu ina kan ruwan nan, tun kafin a gama dam ɗin a 1984 muna zuwa da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ban san X ba, ban san sandarku ta zamani ba, amma bakin zare ba ya yi wa mutum ƙarya. Ka daina zagin zaren yayanka tukuna, ka koma ka koyi ƙulli.

Injiniya_Tumfure:
Baba ya yi gaskiya, amma duk da haka 5X ya yi kaɗan. An yi shi ne don ƙananan kifayen ƙoramun Turai da Amurka masu ruwa garau kamar na randa. Ƙarfinsa bai wuce laba 5 ba, kilo biyu da 'yan kai. Akwai wata ƙa'ida da masu sana'ar ke bi: ka raba lambar ƙugiya gida uku, abin da ya fito shi ne X ɗin da ya dace. Ƙugiya mai lamba 12 ta tafi da 4X, mai lamba 6 ta tafi da 2X. Idan ka ɗaura babban ƙuda a siririn zare, tun wajen wurgawa yake murɗe shi yana gajiyar da shi kafin kifi ya taɓa.

Dan_Yamaltu:
Na gode Baba, na gode Injiniya. Wane ƙulli zan koya? Ni irin wanda muke yi tun muna yara nake yi, in zura, in zagaya sau biyu, in ja.

Tela_Dan_Jekadafari:
Sau biyu ya yi kaɗan ga zare mai santsi. Ni tela ne, kullum da zare nake kwana, kuma ina ɗan taɓa fatsa ranar Lahadi. Ka zura bakin ta idon ƙugiya, ka bar kamar tsawon ɗan yatsa. Ka naɗe shi a jikin uwar zaren sau biyar ko shida. Ka dawo da bakin ta ƙaramar kafar da ke manne da idon ƙugiya, sannan ka sake cusa shi ta babbar kafar da ka buɗe yanzu. Kafin ka ja, ka jiƙa shi da yawu. Sai ka ja uwar zaren a hankali, ba fizga ba, har naɗin ya jeru kamar zoben azurfa a yatsa, babu wanda ya hau kan wani. In ka ga ɗaya ya hau ɗaya, yanke ka sake, kada ka ce ai zai yi. Kuma kada ka datse bakin ƙurmus, bar masa ɗan tsini kamar ƙwayar gero biyu.

Uwar_Biyu_Bauchi:
Yawun kuma na mene ne? Maigidana ma haka yake yi, na ɗauka camfi ne irin na masunta.

Malam_Na_Gubi:
Hajiya ba camfi ba ne. Idan busasshen nailan ya goga jikin ɗan'uwansa da ƙarfi, zafi yake yi, zafin kuma yana raunana wurin. Ki gwada ki ja zare da sauri ta tsakanin yatsunki, za ki ji ya ƙona ki. Yawu ko ruwa yana sa ya zame ya zauna ba tare da ya ƙone ba. Mai ƙyanƙyami ya tsoma a kogi.

Dan_Kasuwa_Pantami:
Ku yi haƙuri in shigo da maganar kuɗi. Duk wannan X ɗin ado ne. Kwarkwaro ɗaya na tifet mita 27 ne ko 30, kuma sai an yi odarsa da dala. A kasuwa kuwa nailan ɗin masunta mita 100 ake sayarwa, an rubuta kaurinsa da milimita a jiki. Tunda Injiniya ya ce 3X shi ne 0.20, me zai hana mutum ya sayi 0.20 ko 0.25 ya huta? Kifi ba ya karanta takardar kwarkwaro.

Injiniya_Tumfure:
Zai yi, ni ma na sha yin haka. Abin da za ka lura da shi biyu ne. Na ɗaya, abin da aka rubuta ba kullum yake daidai da abin da ke ciki ba. Na taɓa sayen wani an rubuta 0.25, na kai wurin aiki na auna, ya kusa 0.30. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, ba ka san shekara nawa ya yi rataye a rumfa rana tana dukansa ba. Hasken rana yana cin nailan. Na taɓa sayen kwarkwaro a wata rumfa, ba zan faɗi wace ba, takardarsa har ta koɗe ta yi fari. Ina ja da hannu yana ɓallewa kamar taliya. Na mayar, mai rumfar ya ce ai ni na ja da ƙarfi.

Baba_Sarkin_Fatsa:
In za ka saya, ka ce ya ciro maka daga cikin kwali, ba na rataye ba. Ka warware kamu ɗaya, ka yi ƙulli a tsakiya, ka naɗe hannu biyu ka ja a gabansa. Sabon zare yana ɗan miƙewa kafin ya tsinke, yana kuma da sheƙi. Tsoho ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari.

Dan_Yamaltu:
Wannan maganar rana ta tayar mini da hankali. Kwarkwarona uku a aljihun gaban mota suke zaune tun bara, har watan Maris da Afrilu da aka yi zafin nan.

Mai_Shayin_Bolari:
Ai ka dafa su ke nan. Saura ka zuba yaji.

Malam_Na_Gubi:
Gwada su kafin ka zubar. Ga hanyar da nake bi, ba ta bukatar sikeli. Ledar fiya wata guda rabin lita ce, wato rabin kilo. Ka samu bokitin roba mara nauyi, ka ɗaura zaren a marikinsa da ƙullin da Tela ya koya maka, ɗaya bakin ka naɗe a sanda. Ka riƙa jefa ledar ruwa ɗaya-ɗaya kana ɗagawa a hankali. 3X mai lafiya ana rubuta masa wajen laba 8, kilo uku da rabi ke nan, leda bakwai. Ƙulli yana rage ƙarfi, don haka in ya ɗauki biyar ko shida, lafiyarsa ƙalau. In ya tsinke a ta uku, ya mutu. Ka yi sau uku, kada ka yanke hukunci da gwaji ɗaya. Wani amfanin kuma, za ka ga inda yake tsinkewa. In kullum a ƙulli ne kuma da wuri, hannunka ne. In a tsakiya ne, zaren ne.

Dokta_Fuloro:
Duk kun tsaya a nailan kamar babu wani. Ku koma fulorokabon ku huta. Wani kamfanin Japan, Kureha, shi ya fara fito da shi a matsayin zaren kamun kifi a 1971, da sunan Seaguar. Rana ba ta cinsa kamar nailan, ba ya shan ruwa, ya fi jure gogar dutse, kuma kifi ba ya ganinsa. Ni shekara huɗu ke nan da kwarkwaro ɗaya, har yau garau.

Malam_Na_Gubi:
Dokta, "ba ya ganinsa" ta yi yawa. Abin da ake nufi shi ne yadda yake karya haske ya fi kusa da na ruwa. Na ruwa 1.33, na fuloro wajen 1.42, na nailan ya haura 1.5. Ya fi ɓuya, amma bai ɓace ba. Ka sa shi a kofin gilashi ka duba, za ka gan shi. Sannan ka faɗa mini, daga watan Yuni zuwa Satumba da Gongola ke zama ja kamar kunun kanwa, wane kifi ne ke tantance 1.42 da 1.5? Ko igiyar guga ka ɗaura ba zai gani ba.

Dokta_Fuloro:
Da damina na yarda. Amma ka zo Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ruwa ya kwanta ya washe. Karfasa a wurin da bai kai gwiwa ba tana da wayo fiye da yadda kuke zato. Na zauna da abokina a dutse ɗaya, ƙuda iri ɗaya, shi nailan ni fuloro, na kama shida ya kama ɗaya.

Tela_Dan_Jekadafari:
Ko dai kai ka fi shi iya wurgawa?

Dokta_Fuloro:
Wannan ma yana yiwuwa, ba zan yi musu ba.

Injiniya_Tumfure:
Akwai abin da ba a faɗa ba game da fuloro. Ya fi nailan nauyi sosai, wajen 1.78 idan ruwa 1 ne, nailan kuwa wajen 1.14. Saboda haka nitsewa yake yi. In ƙudanka na ƙarƙashin ruwa ne, wannan alheri ne. In kuwa irin mai yawo a sama ne, kamar wanda ake yi da siffar fara ko shinge, fuloro zai riƙa jan hancinsa ƙasa. Farkon damina, washegarin ruwan farko da shinge ke fitowa suna faɗawa kogi, kawara da karfasa suna tasowa sama suna cafka, wannan ranar nailan ce. Kuma fuloro ya fi tauri, ƙullinsa ya fi saurin zamewa in ba ka jiƙa ka matse da kyau ba. Wanda ƙullinsa ke kwancewa a nailan, in ka ba shi fuloro ka ƙara masa ciwo ne, ga tsada.

Uwar_Biyu_Bauchi:
Ni ba fatsa nake yi ba, suya nake yi in an kawo, amma ina da ƙorafi a kanku duka. Watan jiya mun je dam ɗin Gubi da yara, muka tarar da balbela a bakin ruwa zare ya naɗe mata ƙafa biyu, ya shige cikin nama har ƙafar ta kumbura. Da ƙyar babban ɗana ya rufe ta da riga muka yanke da reza. Guntayen da kuke yankewa kuna yarwa, ina kuke zaton suke zuwa?

Malam_Na_Gubi:
Hajiya kin taɓo inda yake mana ciwo. Kuma abin da Dokta ke yabo a fuloro, cewa rana ba ta cinsa, shi ne aibinsa a nan. Nailan ma yana daɗewa ƙwarai kafin ya ruɓe, fuloro kuwa kusan a ce ba ya ruɓewa. Ni tsohuwar robar magani mai murfi nake sawa a aljihu, duk guntun da na yanke a ciki yake shiga, in na dawo gida in zuba a shara.

Baba_Sarkin_Fatsa:
'Yata kin yi gaskiya. Mu ma masu kalli da mamari ba mu tsira ba, tsohuwar raga nawa ke kwance a ƙasan dam ɗin nan tana kama kifin da ba mai ci. Allah ya shirye mu.

Dan_Yamaltu:
Amin Baba. In dawo da ku kan na huɗun nan da ya yanke sumul. In tsage ne, wane X ne zai tsaya masa?

Baba_Sarkin_Fatsa:
Babu. Ka taɓa buɗe bakin tsage ka gani? Haƙoran sama suna shiga tsakanin na ƙasa kamar almakashi. Waya ake sa masa. Mu da can wayar kulocin babur muke warwarewa mu ciri sili ɗaya, kamar tsawon tafin hannu, mu murɗa a ƙugiya.

Injiniya_Tumfure:
Haka ake yi har a Zambezi da Tanzaniya inda Turawa ke biyan kuɗi mai yawa don tsage kawai. Kusa da mu ma akwai kogin Faro a Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai kamar yadda Gongola ke zuba a Numan, can ma da sandar ƙuda suke kama tsage da giwan ruwa. Tsarin shi ne zare mai kauri, wajen 0.35 zuwa 0.40, sai waya santimita 10 zuwa 15 a baki. Akwai waya mai laushi da aka yi wa rigar roba wadda ake ƙullawa kamar zare. Wajen haɗa ta da nailan ana yin ƙullin Albright: ka lanƙwasa wayar gida biyu, ka zura nailan ta cikin lanƙwasar, ka naɗe sili biyun kamar sau goma kana komowa baya, ka fitar da bakin ta inda ya shiga. Sai dai ka sani, da zarar ka sa waya, karfasa ta yi maka sallama. Dole ka zaɓi wanda ka fito nema.

Dan_Kasuwa_Pantami:
To ni a nan nake rasa gane muku. Mutum ya fito da sanda ɗaya, ruwa ɗaya, kifi iri goma a ciki, a ce sai ya zaɓa? Ni 0.30 nake ɗaurawa tun safe har yamma, wanda Allah ya ciyar da ni shi ne nawa. Tarwaɗa ba ta taɓa tambayata lamba ba.

Dokta_Fuloro:
Tarwaɗa da gashin baki take neman abinci, Alhaji, ba da ido ba. Ko da igiyar shanya za ka kama ta.

Dan_Kasuwa_Pantami:
Kuma ita ce mai nama. Karfasar da kuke wahala a kanta rabinta ƙaya ce.

Uwar_Biyu_Bauchi:
A nan kam ban bi ka ba Alhaji. Karfasar dam in ta sha yaji da citta aka soya ta ƙayau, ba a haɗa ta da tarwaɗar kududdufi.

Mai_Shayin_Bolari:
An fara da X an ƙare a kasko. Wannan gida ba ya canzawa.

Tela_Dan_Jekadafari:
Bari in mayar da mu. @Dan_Yamaltu akwai wani ƙulli na biyu da ba mu yi maganarsa ba, inda tifet ke haɗuwa da lida, wato dogon zaren nan mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa baki. Yawanci ƙafa 9 yake zuwa ko 7 da rabi. Duk canjin ƙuda kana cin ɗan yatsa ɗaya daga bakinsa, kafin wata guda ka cinye siririn wurin ka shiga mai kauri. Amfanin tifet ke nan, shi ake ci, lida ta zauna lafiya. Ka ƙulla kamar kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙulli mafi sauƙi shi ne wanda ake kira na likita: ka jera bakin lida da bakin tifet gefe da gefe suna kallon saɓanin juna, ka yi da'ira da su biyun tare, ka zura bakin lida da dukkan tsawon tifet ta ciki sau biyu ko uku, ka jiƙa, ka kama sili huɗun ka ja lokaci ɗaya. Sili huɗun, ba biyu ba. Nan mutane ke kuskure. Kuma kada ka haɗa mai kauri sosai da siriri sosai, kamar 0X da 5X. Siririn yanka kansa yake yi a jikin babban. Kamar ka ɗinka yadin shadda da zaren siliki ne.

Injiniya_Tumfure:
In ka samu wanda zai taho maka da su, akwai 'yan zobba na ƙarfe, milimita 2, kamar ƙwayar ridi. Ka ɗaura ɗaya a bakin lida sau ɗaya, daga nan tifet kawai kake canzawa a jikin zoben. Lida ɗaya sai ta yi maka shekara. Amma ka ɗaura shi tun yana jikin abin da aka jero su, in ka cire shi ya faɗi a yashi, ka yi masa addu'a.

Dokta_Fuloro:
Ni ban son zoben nan. Ƙulli biyu ne a inda da ɗaya ne, kuma yana ƙyalli. Na taɓa ganin ƙaramin tsage ya bar ƙuda ya kai wa zoben cafka.

Malam_Na_Gubi:
Akwai baƙaƙe marasa ƙyalli. Wani abu kuma da sabon mai wurgi ba ya lura da shi: ƙullin iska. Kana wurgawa, musamman da iskar hunturu, zaren yana ƙulla kansa a tsakiya, ɗan mitsitsi kamar ƙwan kwarkwata. Wannan ɗan ƙullin yana iya cin kusan rabin ƙarfin zaren. Duk bayan wurgi goma ko bayan kowane kifi, ka bi tifet da yatsa biyu daga sama har ƙugiya. In ka ji ƙulli ko kaushi, yanke. Ƙasan dam ɗin nan duwatsu ne, kuma kurungu in ya naɗe zare a ƙayarsa mai zarto, ko bai tsinke ba ya ji rauni.

Baba_Sarkin_Fatsa:
Kuma yaro, in kana sassafe a wurin nan kai kaɗai, ka riƙa ɗaga kai daga zaren kana duba ruwa. Akwai dorina a Dadin Kowa, manoman bakin dam sun san ta. Ku masu sandar nan kuna son shiga ruwa har ƙugu. Kada ka tsaya ƙulla zare dorina ta ƙulla da kai.

Dan_Yamaltu:
Na ji Baba, daga kan dutse nake yi. Jiya da daddare na yi gwajin bokitin Malam, matata tana ta dariya. Da tsohon ƙullina, 3X ya zame a leda ta biyu, bakin ya murɗe daidai yadda Baba ya faɗa. Da ƙullin Tela ya kai leda biyar sau biyu, sau ɗaya shida, kuma a ƙulli yake tsinkewa. 4X ya kai huɗu. 5X kuwa ko ta biyu bai ɗauka ba, kuma a tsakiya yake ɓallewa, shi ne dama wanda ke sama a aljihun motar. Na zubar da shi, sauran biyun na sa su a gwangwanin madara cikin durowa a ɗaka. Yau na sayi 0.25 da 0.35 a kasuwa, daga cikin kwali, na kuma roƙi bakaniken unguwarmu tsohuwar wayar kuloci.

Dan_Kasuwa_Pantami:
Ka ga ni ba? Ƙarshenta dai kasuwa aka dawo.

Dokta_Fuloro:
Ka bari Janairu ta zo ruwa ya washe, Alhaji, mu je tare da 0.30 ɗinka. Wanda ya kama kaɗan shi zai sayi man mota.

Injiniya_Tumfure:
@Dan_Yamaltu sili ɗaya na wayar kuloci yana lanƙwashewa bayan kifi ɗaya ko biyu, kuma yana tsatsa. In ya yi gwiwa kada ka miƙe shi, nan zai karye, canza wani. Ka yanko biyar ko shida tun daga gida ka murɗa su a ƙugiya, don hannu mai rawa ba ya murɗa waya a bakin ruwa. Wace lamba ce ƙugiyar manyan ƙudan da suka rage maka?

Dan_Yamaltu:
Biyu an rubuta 2, ɗaya 1/0, masu farin gashi da ɗan ja a wuya. Sauran ukun ƙanana ne, 12. Asabar in Allah ya kai mu zan fara da ƙananan a 4X kafin rana ta fito, in ta ɗaga in koma waya. Baba, in kana kusa ka zo ka duba mini ƙullin da idonka.

Baba_Sarkin_Fatsa:
Ina wajen da ake ɗaure jirage bayan sallar asuba. Ka taho da reza, haƙorana ba sa yanka zare yanzu.